Alhaji Hamisu Tokyo da Tumatir ɗin Surukinsa

A duk faɗin Dala babu mai jin Japananci kamar Alhaji Hamisu Tokyo. Na biyunsa ma babu, don ba wanda ya taɓa gwadawa. Shekara ashirin yana sayar da safayar motocin Japan, ya kuma yi wata uku cur yana karatu a waya. To, me ya rage?

Kullum bayan la'asar yakan baje a benci ya ja darasi ba a roƙe shi ba. "Ku 'a'a' ɗinku a bakin magana take. Mutumin Japan sai ya kai ƙarshen zance yake kore shi. Wannan babin ni na ƙure shi." Shi kuwa Allah bai taɓa nufarsa da jin ƙarshen zancen kowa ba.

Ran nan wata ƙungiya ta kawo injiniya ɗan Japan, yana neman gona a ƙauyen Dusuman da za a kafa famfon ban-ruwa. Surukin Hamisu, Malam Inuwa, yana da gonar tumatir a can, ita ce cinsa ita ce shansa. Gogan naka ya sha babbar riga, ya naɗa kansa tafinta.

Baƙo ya zaga gonar Malam Inuwa, ya murza ƙasa, ya ja iska ta haƙora. Ya yi magana a hankali, ya rusuna har sau uku. Hamisu ya tsinci kalma biyu, ya cike sauran da ilhami.

"Baba, an gama! Rusunawa ɗaya gaisuwa ce, uku kuwa sa hannu ne."

Jona, direban baƙon, ya matso. "Alhaji, ni dai duk inda ya yi irin wannan rusunawar, ba ma komawa."

"Kai don sitiyari aka ɗauke ka ko don nahawu?"

Nan take ya ba da umarnin a tuge tumatir, wai Japanawa ba sa aiki sai a sharar fili.

"Ɗana, saura sati biyu su nuna fa," in ji tsoho.

"Baba, ka bar wa masu ilimi."

Aka tuge kaf. Wallahi abin tausayi. Ran Laraba motoci suka iso da bututu, suka wuce gonar maƙwabci ko sassautawa ba su yi ba.

Hamisu ya gyara murya. "Wannan a nahawunsu bambantawa ake ce masa. An zaɓi waccan ne don darajar taka ta fito."

Washegari Malam Inuwa ya sauka a ƙofar gidan Hamisu da iyalinsa goma sha ɗaya, da tabarmi da tukwane, ya ce sun zo zama sai wani tumatir ɗin ya nuna. Shehin malamin kore zance ya laluba Hausa, ya laluba Kanuri, ya laluba Japanancin waya, bai sami yaren da ake ce wa suruki a'a ba.

"Bismillah, Baba," ya ce. "Ku shigo."