Furar Injiniya Tasi'u

Wani mutum ne a Funtuwa, Tasi'u mai gyaran waya. Bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma ya kafa ƙaton allo a saman shagonsa: INJINIYA TASI'U. Cika baki kuwa, sai wanda ya gani. Cewa yake kalkuleta ma in ta rikice, shi take tambaya.

Da 'yan majalisarsu suka ishe shi da tsiya, sai ya yi rajistar jarrabawar lissafi ta shiga jami'a. Ya daki ƙirji, tim!

"Maki ɗari takwas ne ƙarshenta, ko? In ban ci ɗari bakwai ba, da hannuna zan sauke allon nan!"

Ya shiga lesin wajen Malama Hansatu. Gwajin farko, gogan naka ya ga abin ba wasa ba ne. Ana nan, rannan Malama tana bayanin cewa ba yawan amsar da mutum ya ci ake rubuta masa kai tsaye ba, akwai ma'aunin da ake juya makin da shi. Sai wayarsa ta yi ƙara, kwastoma. Ya fice da rabin bayani, ya ƙarasa sauran da kansa: wato in kowa ya faɗi, dole a ɗaga makin mai dama-dama!

Ranar jarrabawa da hantsi, sai ga Tasi'u a ƙofar zauren jarrabawar da bokiti biyu na fura da nono, mai kauri, ta sha ƙanƙara.

"Ku sha, bayin Allah, sadaka ce!"

A ransa kuwa cewa yake, minti ashirin, duk zauren nan minshari zai ɗauka. Kowa ya sha ya yi nak. Shi ko ɗanɗanawa bai yi ba, wai kada barci ya kama shi.

Aka raba takardu. Biro sai gudu yake ko'ina, ƙar-ƙar-ƙar! Ya dubi dama, ya dubi hagu, ko hamma babu mai yi. Abin da kawai ake ji a zauren shi ne cikin Tasi'u: ƙululululu!

Sakamako ya fito. Ɗari huɗu da goma.

Ya faɗa aji wajen Malama a fusace. "An cuce ni! Ina ma'aunin da kika ce?"

"Shi ne ma ya yi aiki a kanka," in ji ta. "Tun kafin ku shiga zaure aka tsayar da shi, gwargwadon wahalar tambayoyi. Taku mai sauƙi ce, don haka kowane kuskure da tsada. Ko duk zauren barci suka yi, makinka ba zai motsa ba."

"To ashe furar nan a banza na..." Ya kama bakinsa. Ina! Magana ta riga ta fita, ajin ya kwashe da dariya.

Washegari yana kan tsani yana kwance allo, 'yan majalisa sun jeru suna kallo, sai ga Hajiya Laure mai atamfa, 'yar ajinsu, wadda ta ci ɗari bakwai da ashirin.

"Sannu Injini... au, Tasi'u! Allah ya saka da alheri. Ni dama yunwa ce ke hana ni lissafi. In za ka sake zama jarrabawar, ƙanwata ma za ta rubuta wannan karon. Don Allah a ɗan ƙara sukari!"