Rasuwar 'Yar Tsegumi, Mai Gadin Fanfon Magaria

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata wuta da ba ta lafa ba tukuna, Malam Kyari mai gyaran injin fanfo yana sanar da jama'ar Magaria rasuwar 'Yar Tsegumi, a bazarar 1979.

Marigayiyar 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba. Kyari ya ɗaura ta a jikin injin da hannunsa, ya ja mata waya har biro, wato ofis, wurin uwarta, babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa, don ta riƙa faɗin abin da ke damun injin kafin ya lalace. Ba ta taɓa rufe ciwo ba. Da safe sai ta yi “ƙit-ƙit”, uwar ta buga a takarda: “Na tashi.” Can kuma: “Ruwa ya ja baya.” Kyari kan amsa mata kamar mutum.

Ajalinta ya zo ta hannun Manu, mijin Mero ƙanwar Kyari, wanda ya ga waya ja mai kyau a bakin hanya, ya datse ta ya ɗaure amalankensa. Kyari yana garin Yekuwa wurin aiki. Injin ya ɗau zafi, baiwar Allah ta yi ta kai ƙara cikin guntun waya, babu mai ji, har injin ya kama da wuta ya tafi da ita. Manu ya rantse bai san zancen ba, alhali wayar tana reto a bayan jakinsa ranar kasuwa.

Ta bar uwa a biro, wadda ba ta sake cewa uffan ba, da matan unguwa da suka koma jan guga, cikinsu har da Mero.

Kyari ya ce an ba shi haƙuri, ya ji, bai ɗauka ba. Ya ce Manu ya je ya nemi wani mai gyara masa rediyo har abada.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, daidai ƙofar gidan Manu, inda zai riƙa tsallake ta kullum. Shi zai haƙa ramin. Masu ta'aziyya su zo da tulunansu, mai unguwa ya yanke cewa Manu ne zai cika su har sabon inji ya iso. Jakin ba shi da laifi, don haka Manu a kansa zai ɗauko ruwan.