Gidan Tarihi da Kabad Ɗinsa

Duk unguwar babu wanda ya kai shi kishin wasannin bidiyo. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Abokai suna kiransa Gidan Tarihi. Da tsokana aka fara, shi kuwa ya rungumi sunan har da gyaran murya.

A falonsa akwai kabad na gilashi, cike da kwalayen tsofaffin faifan wasa, an jera su kamar sojoji. Makullin a wuyansa yake kwana. Baƙo bai isa ya zauna ba sai ya sha lacca.

"Ku 'yan haya ne," in ji shi. "Wasan da ba ya tashi sai da intanet ba naka ba ne. Ran da kamfani ya ga dama, ya kashe, ku koma kallon bango. Ni kuwa na asali nake riƙewa, saboda jikokinmu."

Idan aka ambaci tsohon wasan da aka sake wa fenti aka fitar, sai ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa. "Wannan ai shafa wa kaka janbaki ne!"

Ranar wata Asabar abin da yake ta hasashe ya faru. Kamfani ya rufe wasan tseren motar da abokansa suka shekara takwas suna bugawa. Biyu daga cikinsu, mai aski da direba, suka zo gidansa jiki a sanyaye. Direban har idonsa ya yi ja, don da marigayi ƙaninsa suka fara wasan.

Gidan Tarihi ya ji daɗi ƙwarai. Ya miƙe, ya yi jawabin minti arba'in a kan hangen nesa.

"Mun yarda, ka fi mu," in ji mai aski. "To saka mana na asalin mu ɗan rage zafi."

Nan fa gumi ya karyo wa Gidan Tarihi. Ya ce iska tana ɓata faifai. Ya ce ba a taɓa tarihi da hannu. Direba dai ya miƙa hannu ya tsaya, har makullin ya sauko daga wuya.

Kwalin farko babu komai. Na biyu ma haka. A na bakwai aka sami faifai guda, na bikin aurensa.

"Ɓarayi," in ji Gidan Tarihi. "An shigo mini gida."

Matarsa ta leƙo daga kicin tana goge hannu.

"Wane ɓarayi kuma, Baban yara? Ai kai ka ce in kwashe in ba mai gwangwan tun bara, wai duk kana da sababbin a intanet, sun fi haske. Kwalayen kawai ka ce in bari, su ne ke fitowa a hoto."