Tabon Kumatun Inna

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da kakar Rabi a Gwiwa ba. Rabi ce yarinyar da nake nema, kuma ta gaya mini tun a hanya cewa a gidansu in Inna, wato kakar tata, ta ce a'a, to magana ta mutu.

Lokacin ina tsakiyar horon zama likitan tiyatar gyaran jiki, kaina cike da hotunan ƙuna da tabo. Ko a mota na zauna, fuskokin mutane nake karantawa (wannan ciwo ne da duk 'yan ajinmu suka kamu da shi).

Na durƙusa na gaishe ta. Kawunnan Rabi uku suna zaune a tabarma. Inna ta kalle ni ta ce, "Kai ne wanda karatunsa ba ya ƙarewa?"

Sai na gyara zama. Na lissafa mata shekara shida a jami'a, shekarar horo a asibiti, hidimar ƙasa, sannan wasu shekarun a ƙarƙashin manyan likitocin tiyata, ga jarrabawa a kowace kwana.

"To me ake koya muku haka, ɗan nan?"

Na ce muna gyara wanda wuta ta ƙona, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe. Ta jinjina kai, kawunnai suka ce madalla. Da nan na tsaya, da na tashi da mutuncina. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Idona ya riga ya sauka kan wani ɗan layi a kumatunta na hagu.

Na ce, "Ko wannan tabon naki, Inna, aikin ɗan lokaci ne. Zan rage shi har ba mai lura."

Na juya wajen kawunnai neman agaji, sai na ga layin nan a kumatun na farko. Na biyu ma haka. Na ukun har juyo mini da fuskarsa ya yi don in gani da kyau. Ashe zanen gidansu ne na gado, an daina yi kafin a haifi su Rabi. Kunya ta rufe ni.

Inna ta shafa wurin a hankali. "Ina ƙarama na ɓace a kasuwar Babura. Da wannan wani mai shanu ya gane 'yar gidan wa ce, ya kai ni har gaban babana. Shi za ka goge?"

Na ce, "A gafarce ni, Inna." Na riga na sallama Rabi a zuciyata.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya. "Ku ba shi Rabi. Aƙalla yana kallon fuskar tsoho in yana magana. Amma karatun nan naka da saura, Likita."

Har ta rasu, "mai goge dangi" take kirana. Yanzu duk wanda ya shigo ofishina, komai girman tabonsa, sai na kame bakina na tambaye shi abin da ya kawo shi. Sau da yawa ba tabon ba ne.