Rajistar Darakta da Matan Takaba

Wata 'yar jarida ce, Saude Ɗan'azumi, mai shirin lafiya na ranar Juma'a a wani ƙaramin gidan rediyo, aka tura ta bitar kwana uku a otal, wai za a koya musu yadda ake ɗauko labarin annoba. Bita dai irin wadda aka sani: ɗaki da sanyi kamar firji, ruwan gora a gaban kowa, takunkumi kuwa duk an saukar da shi haɓa saboda ana ta zagayawa da samosa. Ita Saude hankalinta ba ya wurin. Mako biyu ke nan amai da gudawa na ɗibar mutane a Unguwar Tsamiya, inda duk rijiya ɗaya ake sha. Ta haɗa rahoto tsaf don a gargaɗi jama'a, manajanta ya ce wallahi ba zai saki ko kalma ɗaya ba sai ta kawo muryar wani babba daga hukumar lafiya, don shi ba zai ci tuwon gidan yari saboda ita ba. Sau biyar tana zuwa ofishin Daraktan hukumar. Sau huɗu aka ce yana mitin, na biyar aka ce ya fita salla, ta zauna a benci tun azahar har aka kira magariba, bawan Allah bai idar ba.

A rana ta biyu malamin bitar, Malam Haladu, ya haska majigi, ya ce, "Babban makiyinmu lokacin annoba jita-jita ce. Duk adadin da za ku faɗa, sai kun same shi daga majiya biyu waɗanda ba su haɗa baki ba."

Saude ta ɗaga hannu. "Malam, ni ina da su."

"Madalla. Su wa da wa?"

"Na farko Malam Buhari ladan, shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin makara a masallacin unguwar. Ya ce cikin mako biyu sau goma sha ɗaya makarar ta fita. Ta biyu Baba Tasalla, wadda zaman makoki bai taɓa wuce ta ba ko da zazzaɓi take yi. Ita ma gida goma sha ɗaya ta lissafa mini."

"Kin tabbata ba su zauna sun daidaita ba?"

"Haba Malam! Shekara bakwai ba sa magana, tun da akuyarta ta cinye masa zogale."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Haladu ya share hawaye ya ce shi dai a duk yawon bitarsa bai taɓa ganin majiyoyi masu zaman kansu irin waɗannan ba.

Rana ta uku sai ga wanda aka gayyato ya rufe taro: Darakta da kansa, Alhaji Lawwali, cikin babbar riga, turare na tashi. Ashe dai ya idar. Ya karɓi makirufo ya yi minti arba'in yana bayanin cewa samun labari haƙƙin talaka ne, hukumarsa ba ta ɓoye wa kowa komai, 'yan jarida kuwa 'yan uwansu ne na jini. Aka tafa. Aka ce ko akwai mai tambaya. Masu tambaya duk idonsu na kan kulolin abincin da aka fara jerawa a baya, sai Saude ta miƙe, ta danna rikoda, ta matsa gaba.

"Ranka ya daɗe, mutum nawa amai da gudawa ta kashe a Unguwar Tsamiya?"

Darakta ya gyara hula, ya yi murmushi. "Ko ɗaya, Hajiya. Komai lafiya lau."

"Makara ta fita sau goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

"Makara kuma? Makara ma'aikaciyarmu ce? Ku fa 'yan jarida shi ya sa ake tara ku ana koya muku aiki. Waɗannan da kike faɗa, sun zo asibiti an yanka musu kati? An cika musu fom? Likitanmu ya sa hannu?"

"A gida suka cika, Allah ya ji ƙansu. Wasu ko awa shida ba su yi ba."

"To kin gani. Ki rubuta da kyau: duk wanda sunansa bai shiga rajistarmu ba, a wajenmu bai mutu ba."

Malam Haladu ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Saude kuwa ta dubi rikoda, ta ga jar wutar nan na ci, sai ta ƙara miƙa ta daf da gemun Darakta.

"Alhamdu lillahi. Don Allah ɗan maimaita da ƙarfi, ranka ya daɗe, ranar Juma'a zan sa. Akwai mata huɗu da ke zaman takaba a unguwar, gara su ji daga bakinka, su tashi su yi kwalliya su ɗora girki."