Yadda Malami Zai Binne Ubansa a Waya Ya Yi Suna

Kai malamin makarantar da ke zuba rubutu a waya ba mai kula ka, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zaga gari kafin allin hannunka ya ƙare. Ba labari aka ba ni ba. Ɗana malami ne, kuma a kaina ya gwada. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, don tagar ajinmu tana kallon wata bishiya da ƙadangare mai wutsiya biyu ke hawa.

1. Ka saki allo

Ka ce wa yara su karanta shafi na gaba, ka koma ofishin malamai, ka zauna kusa da soket. Baiwa ba ta sauka sai inda ake cajin waya.

2. Ka tara 'yan amshi

Abokan aikinka sun isa. Ka yabi nasu, su yabi naka, kada kowa ya wahalar da kansa da karantawa. Ɗana ya taɓa saka cigiyar makullin babur ɗinsa, malamin lissafi ya rubuta a ƙasa: “Allah ya ƙara basira, wannan ya taɓa ni.”

3. Ka gane abin da ke tara jama'a

Waƙar ruwan sama ba ta wuce 'yan amshi. Nasiha kuwa kowa ya ƙoshi da ita. Mutuwa ce kasuwa. (Na daɗe ina lura da ƙudaje, su ma ra'ayinsu ke nan.) Sai ka duba gidanku ka zaɓi wanda ba ya riƙe waya.

4. Ka kashe shi da kyau

Ɗan nawa ya sa hotona ina kallon sama, ranar da nake bin wani gajimare mai kama da buta, ya rubuta: “Baba, ka tafi ka bar ni.” Maƙwabcina tela ne ya karanto mini, yana yi yana taɓa gwiwata don ya tabbatar. Wai ni jarumi ne, ban taɓa zaman banza ba. Matata, uwar yaron, ta ce, “To kwantar da hankalinka, ba kai ba ne. Wani ne ya mutu.”

5. Ka karɓi hutun makoki

Hedimasta ya gani, ya ba shi hutu. Sai ga yaron a ɗakina, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Baba, don Allah ka ɗan daina fita. In hedimasta ya gan ka, aikina ya tafi.”

“Har yaushe?”

“Har a manta.”

“Da ni ko da rubutun?”

“Adabi ne, Baba. Ba za ka gane ba.”

6. Ka tuna gawarka tana da ƙafa

Hedimasta ya kwaso malamai suka zo ta'aziyya, aka shimfiɗa musu a falo. Ni ina ɗaki, na yi shiru irin na mamatan kirki. Sai ga wata tururuwa ɗauke da fiffiken kyankyaso, ta ɗaga shi sama kamar tuta. Wa zai ga wannan ya zauna? Na bi ta da rarrafe. Ko da na ɗaga kai, ga takalman baƙi.

Hedimasta ya dubi wayarsa, ya dube ni. “Wannan fa?”

Ɗana ya ce, “Ƙanin marigayi ne, ranka ya daɗe.”

Uwarsa ta leƙo daga kicin. “Ƙanin wa? Kai, mara kunya, wannan ɗin dai na aura, ba a canza mini ba!”

Malamin lissafi ya ce, “Allah ya ƙara basira.”

7. Ka mai da korar ma rubutu

An dakatar da ɗana daga aiki. Ya zauna ya rubuta yadda mahassada suka raba shi da aji, amma bai tara ko rabin jama'ar da mutuwata ta tara ba. Kwanan nan na ga yana yawan kallon uwarsa, yana tambayarta ko tana da hoto mai kyau. Jiya ta je ta sayi waya.

Gargaɗi

In aka kore ka, ko uwarka ta yi maka baki, ko ɗalibanka suka faɗi jarrabawa gaba ɗayansu, kada ka zo ƙofata. Har yau yaron bai goge rubutun ba, wai yana ƙyashin rasa masu sharhi. A rubuce dai ni marigayi ne, kuma ban taɓa jin an kai gawa ƙara ba.