Takin Kansila

Tun da mai barkwancin nan ya rasu, wanda ke tsage wa manya gaskiya a wayoyinmu, dariya ta yi mini wuya. Wasanninsa duk na haddace, har tarinsa. Ranar wani suna a Goronyo na ga mata sun yi jugum, na ce yau zan raya shi.

Na yafa zane kamar babbar riga, na turo ciki, na zama kansilan da ya kawo taki bayan an cire albasa. Ba wadda ta dara. Na ɗauka ba su ji ba, na ƙara murya.

Maƙwabciyata ta jawo ni. "Inna, mi kike yi? Ga matar kansila can, gwaggon yarinyar da ɗanki ke nema!"

Hajiyar ta ajiye cokali. "Kin gama, Inna?"

"Saura kaɗan, Hajiya." Marigayi bai taɓa tsayawa a tsakiya ba. Na ƙarasa abina.

Sai da dattawa suka yi ta sawu kafin a ba mu yarinyar. Har yau in na fito, matan garinmu Wurno kan ce, "Ranka shi daɗe, ina takinmu?"

Ni kuwa sai in turo ciki. "Ku cire albasa tukuna."